Kwana A Bayan A-kori-kura: Jawabi Ga Mafarauta Da Matafiya

 

Maganarmu ta yau ta shafi mutanen da dare kan riska a daji ko a kan hanya, su hau bayan a-kori-kura su kwana. Irin waɗannan mutane suna da yawa a ƙasar Dutse da kewayenta. Da an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, sai ka ga mafarautan Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da Gwaram sun yi gangami, sun cika mota da mutane da karnuka, sun nufi daji, wasu har su tsallaka ƙasar Bauchi, su yi kwana biyu ko uku. Ban da su akwai fatake masu cin kasuwar Shuwarin da Sara da Gujungu da Maigatari, waɗanda kan isa tun daren jajibiri su kwana bisa kayansu. Akwai kuma masu gadin shinkafa da kankana a fadamun Ringim da Miga, da yaran mota waɗanda ba su da wani ɗakin kwana sai motar. In ba ka cikin waɗannan, wataƙila ɗanka ko mijinki ko ƙanenka yana ciki. Sabo da haka kowa ya kasa kunne.

Da fari bari mu faɗi gaskiya: kwana a bayan mota ya fi kwana a ƙasa. Wanda ya hau bodi ya yi nesa da maciji da kunama da cinnaka da laimar ƙasa. Amma motar ita ma tana da nata haɗari, kuma mafi yawansa ba ya yin ƙara, ba ya ba da sanarwa. Shi za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Kafin a bar gida

Ku fara duba abin da motar ta ɗauko jiya. A-kori-kura ba ta zaɓen kaya. Yau taki, gobe awaki, jibi maganin feshi. A share bodin sarai, a wanke da ruwa da sabulu, a bari ya bushe. Maganin ƙwarin da ya zube a kan ƙarfe ya kan shiga jikin mutum ta fata, ko da bai sha ba. Alamarsa ita ce yawan miyau da gumi, da murɗar ciki, da amai, da ganin dishi-dishi.

Mafi muni shi ne buhun wake ko na masara wanda aka jefa wa ƙwayar Phostoxin don kashe ƙwari. Ƙwayar nan, da ta ji laimar iska, sai ta riƙa fitar da wata iska mai guba, mai wari kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. Abin da ke kashe ƙwaron wake shi ne zai kashe mutum in ya rufa da tamfol ya kwana a kan buhun. Kai falke, ko da kana tsoron ɓarawo, kada ka kwana bisa irin wannan kaya. Ka yi shimfiɗarka can gefe inda iska ke kaɗawa, kana hangen kayanka.

Sai fetur. Mafarauta su kan ɗauki jarkar fetur don gudun yankewar mai a daji. Da an yi zango, a sauke ta, a ajiye ta a inuwa, taki ashirin ko fiye daga mota da kuma wurin wuta. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ya kan kwanta a ƙasan bodi daidai inda hancin mai barci ya ke, kuma ashana ɗaya ta isa ta tashe shi. Mutanen Jigawa ba sa bukatar a gaya musu abin da wutar fetur ke yi. A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta kama wuta a garin Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, mutum fiye da 150 suka rasu. Albarushin bindiga ma haka, a raba shi da taba da ashana.

Har wa yau a kai motar wurin makanike ya duba salansa. In ta tsage ko ta huje, a gyara kafin a tashi. Za ku ji dalili nan gaba kaɗan. A kuma duba ƙusoshi da tsagaggen ƙarfe a bodi, a danne su. Wanda ƙarfe ya yanka, ya wanke ciwon da ruwa da sabulu, ya je a yi masa allurar tetanas, watau cutar nan da ke sarƙe muƙamuƙi ta sandarar da jiki.

Inda za a tsaya

Kada ku yi zango a kan kwalta ko a bakinta. Hanyar Kano zuwa Maiduguri wadda ta bi ta Shuwarin da Kiyawa, manyan motoci ne ke binta har asuba, direbobinsu kuwa wasu sun kwana biyu ba su runtsa ba. Ku sauka daga titi sosai, ku nemi fili mai tauri wanda ba gangare ba. Direba ya ja birkin hannu, ya bar mota a giya, a sa dutse ko guntun icce a tare tayoyi gaba da baya.

Ku guji ciyawa mai tsawo, gama salansa mai zafi ta kan kunna busasshiyar ciyawa, maciji kuma can ya ke ɓuya. Ku guji gindin suri da tarin duwatsu. Duwatsun da suka kewaye Dutse da Birnin Kudu suna da kyaun gani, suna kuma tare iska, amma kogunansu gidajen macizai ne. In da damina ne, kada ku tsaya a cikin busasshen rafi. Ruwan da aka yi can nesa ya kan iso cikin dare ba tare da an ga hadari ba. In kuwa aka fara walƙiya da tsawa, ku sani buɗaɗɗen bodi ba ya tsare kowa daga aradu, gindin doguwar bishiya ma haka. Gidan gaba na motar, mai rufin ƙarfe, shi ya fi, a rufe gilasai, kada a taɓa ƙarfe.

Abu ɗaya kuma: kada kowa ya kwana a ƙarƙashin mota. In wuri ya yi kaɗan, yara ne a kan tura can. Direba ya tashi da asuba cikin duhu, ya tayar da inji, ya ja. Kai direba, ka mai da shi al'adarka, kafin ka murɗa makulli ka haska tocila ƙarƙashin mota, ka zagaya ta, ka kira sunan kowa ya amsa.

Hayaƙin da ba a gani

Yanzu mun zo kan babban haɗarin, ku ƙara natsuwa. Duk inda a ke ƙona fetur ko gas ko gawayi, akwai wata iska da ke fita wadda likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. In mutum ya shaƙe ta, sai ta shiga jini ta kama wurin da iskar oksijin ke zama, kuma ƙarfin kamunta ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Sai jini ya yi ta zagaya jiki ba ya ɗauke da abin da ƙwaƙwalwa da zuciya ke bukata. Mai ido biyu zai ji ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Mai barci kuwa ba ya jin kome. Barcinsa ne zai yi ta nauyi har ya zarce.

Ta hanya uku iskar nan ke samun masu kwana a bayan mota. Ta fari, a rufe bodi da tamfol sabo da sanyi, sa'an nan a bar inji yana aiki don cajin waya ko don fitila. Hayaƙin salansa ya bi ta ƙarƙashi, ya shiga ta ramukan bodi da ƙofar baya, tamfol kuwa ya tsare shi. Ta biyu, a shigo da kurfoti ko kasko da garwashi cikin rufin don jin ɗumi. Garwashin da ya yi ja, ya daina hayaƙi, kada ku ce ya zama lafiya, a lokacin ma yana fitar da gubar. Ta uku, a kunna ƙaramin janareto kusa da inda a ke barci.

Wannan ba a ƙasarmu kaɗai ya ke faruwa ba. A shekarar 1992 likitocin wani asibiti a birnin Siyatil na Amurka suka ba da labarin yara 20 da aka kawo musu, waɗanda iskar nan ta buge a bayan a-kori-kura ana cikin tafiya. Goma sha bakwai suna ƙarƙashin rufaffiyar rumfar mota, uku suna ƙarƙashin tamfol. Goma sha biyar suka suma, ɗaya ya rasu. Watau ko mota tana tafiya, in bayanta a rufe ya ke, hayaƙi ya kan juyo ya shiga.

To, ga dokar, gajeriya ce. Muddin akwai mai barci a baya, inji a kashe. Wuta ko wace iri a waje, nesa da mota. In za a ɗaura tamfol, a bar shi a buɗe ta gefe biyu, iska ta shiga ta nan ta fita ta can.

In kuka farka mutum biyu ko uku duk da ciwon kai lokaci guda, ko kuka ga kare yana tangaɗi, kada ku ce gajiya ce ko iskokin daji. Ku yaye tamfol, ku sauko fili nan da nan. Wanda ya suma, a fito da shi sarari, a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi, a sassauta masa riga. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, gama wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, abin zai bi ta huhunsa. Maganinsa iskar oksijin ce, ita kuwa sai babban asibiti, kamar Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko Asibitin Tarayya na Birnin Kudu. Ko ya farfaɗo a hanya, a ƙarasa da shi likita ya gan shi, musamman in yaro ne ko mace mai ciki.

Sanyin hunturu

Kun ji mun hana garwashi, za ku ce to yaya za a yi da sanyi? Gaskiya ne, a watan Disamba da Janairu sanyin asuba a ƙasar nan ya kan sauko kusan digiri 10, ƙarfe kuwa ɓarawon ɗumi ne. Wanda ya kwanta a kan tsurar bodi, ko ya lulluɓa da bargo biyu, ƙarfen zai yi ta zuƙe ɗumin jikinsa ta ƙasa. Don haka abin da ka shimfiɗa ya fi abin da ka rufa da shi muhimmanci. Ka fara sa kwali ko katako ko buhun da aka cika da ƙaiƙayi, sa'an nan tabarma, sa'an nan bargo. Ka sa riga biyu ko uku maimakon guda mai kauri, ka sa hular sanyi da safa. Rigar da ta jiƙe da gumin farauta a tuɓe ta kafin a kwanta. A ci abinci mai zafi, a sha shayi ko kunu. A juya motar yadda gidan gaba zai tare iskar da ke busowa daga arewa maso gabas.

Ƙwayoyin nan da wasu samari ke sha, irin su tiramadol, wai don ƙarfin gudu ko maganin sanyi, ba sa ɗumama jiki. Su kan sa barci mai nauyi ne, har mutum ya kasa jin sanyin da ke cinsa ko ciwon kan da zai tashe shi. Su kan kuma jawo farfaɗiya.

Tsoho da yaro su suka fi saurin kamuwa. In kuka ga mutum yana makyarkyata, maganarsa ta fara sarƙewa, ko ya rikice, ku canza masa tufa, ku lulluɓe shi, ku haɗa jiki da shi, in yana iya haɗiya ku ba shi abu mai ɗumi.

Akwai kuma cunkoso. Mutum goma sha biyar a ƙarƙashin tamfol guda, numfashin wannan a fuskar wancan, cikin ƙurar rani, haka sanƙarau ke samun hanya. A ranin 2023 Jigawa ce ta fi ko wace jiha a Nijeriya yawan masu wannan cuta, a watan Maris na 2024 kuwa aka yi sabuwar allurar rigakafinta a jihar. In wuri bai isa ba, a yi kwana bi da bi, wasu na gadi wasu na barci. Hakan ya fi ma ga tsaro.

Sauro

Wasu su kan ce ai da rani babu sauro. A tudu ya kan ragu, amma a fadamun Kogin Haɗeja, da duk inda a ke noman rani, sauro ba ya hutu. Macen sauron da ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓi da dare ta ke cizo, tun daga magariba har asuba, tsawon bodin mota kuwa ba kome ba ne a gare ta. Ku sani, cikin ko wane mutum huɗu da suka kamu da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kusan ɗaya a Nijeriya ya ke.

Gidan sauro mai magani, irin wanda a ke rabawa, ba shi da nauyi, ya kan shiga jakar mafarauci. A-kori-kura kuwa kamar don shi aka yi ta: a ɗaura kusurwoyinsa huɗu a ƙarafan bodi, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko ta ina. Kada jiki ya jingina da shi, gama sauro ya kan ciza ta cikin raga. In ya huje a ɗinke. Maganin sauro na kunnawa ba na cikin rufin tamfol ba ne.

Zazzaɓin ba ya zuwa a daren da aka yi cizon. Ya kan ɗauki kwana 10 zuwa 15, lokacin an dawo gida har an manta da tafiyar. In ya zo, ku je ɗakin shan magani a ɗiga jinin yatsa a gwada, cikin minti 20 an san gaskiya. In shi ne, za a ba ku maganin kwana uku. Ku shanye shi duka ko da kun ji sauƙi a rana ta biyu.

Maciji da kunama

Wanda ke bisa mota ya tsira, amma ai sai ya sauko. Yawancin saran dare a lokacin saukowa fitsari ya ke faruwa, mutum ya diro ba takalmi, ba fitila, ido da barci. Ka kwana da tocila a gefen kanka. Ka haska ƙasa kafin ka sa ƙafa. Takalminka sau-ciki ya kwana tare da kai a bisa, da safe kuma ka kakkaɓe shi, don kunama tana son irin wannan wuri. Itacen wuta a tara shi tun da rana. Kada a tura hannu cikin ramin gafiya ko kogon icce.

Macizan da suka fi ɓarna a ƙasashenmu uku ne. Kububuwa, ƙarama ce, da ƙyar ta wuce kamu ɗaya, amma dafinta ya kan hana jini daskarewa. Mutum zai ga kamar ya samu sauƙi, bayan wasu awoyi ko kwana ɗaya sai jini ya fara fita ta dasashi da fitsari da tsofaffin miyaku. Kasa, mai kauri, mai nauyin jiki, ba ta gudu sai an taka ta, saranta kuwa ya kan kumbura ƙafa ya ruɓar da nama. Sai gamsheƙa mai tsartuwa. In ta tofa wa mutum dafi a ido, a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa nan take, kada a murza, sa'an nan a tafi asibiti.

In maciji ya sari ɗayanku, ga abin yi. Ku janye shi daga wurin, ku kwantar masa da hankali. A cire zobe da agogo da guru da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura. A ɗaura wa ƙafar sanda kamar yadda a ke yi wa karaya, don kada ta motsa. Kada ya taka, a ɗauke shi. A nan motarku ta zama rahama: a kwantar da shi a gefensa a bodi, a kama hanyar asibiti. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya ko roba tamau, gama hakan ya sa an yanke ƙafafu da yawa waɗanda da sun warke. Baƙin dutsen da a ke mannawa ba ya zuƙe dafi. Kada ku ɓata lokaci neman macijin, kuma ku sani kan maciji ko an datse shi yana iya sara. Abin da ke karya dafi allura ce da a ke ƙarawa ta jijiya a asibiti. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti musamman na saran maciji, amma ku fara zuwa babban asibitin da ya fi kusa da ku, su za su gwada jinin su san abin yi.

Harbin kunama ga babba yawanci zafi ne kawai. Ga yaro ƙarami kuwa, in ya fara gumi da amai da dalalar miyau, a gaggauta kai shi asibiti.

Karnuka da nama

Mafarauci da karensa sai Allah, mun sani. Amma kada ku haɗa shimfiɗa. A ɗaure karnuka a gindin icce kusa, ba a jikin mota ba. Kare na ɗauke da kaska da ƙuma, kuma karen farauta ya fi na gida gamuwa da naman dajin da ke da ciwon hauka. Ciwon haukan kare, in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Amma ana iya tare shi kafin nan. Wanda kare ya ciza, ko ya yakusa, ko ya lasar masa miki, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15 cur, ya je asibiti a ranar a fara masa allura. Kada ya jira ya ga abin da zai faru, gama cutar ta kan yi wata biyu ko uku tana ɓoye. A tsare karen kwana 10 ana dubansa. Ku kuma kai karnukanku wurin likitan dabbobi a yi musu rigakafi ko wace shekara.

Naman da aka kaso kada ya kwana inda mutane ke kwana. Jininsa ya kan bi kwarin bodi ya jiƙa tabarma, ya kuma jawo ƙuda da ɓera. A rataye shi a icce, ko a ƙyafe shi. Mai miki a hannu kada ya yi fiɗa, wanda ya yi kuwa ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. A dafa nama ya nuna har ciki. Dabbar da aka tarar tana ciwo, a bar ta.

Ɓera kam a rabu da shi sam. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Borno a shekarar 1969, daga fitsari da kashi da jinin wani irin ɓera ya ke fitowa. Ya fi yawa da rani, daidai lokacin farauta, kuma Jihar Bauchi maƙwabciyarmu tana cikin jihohin da ya fi addaba. Guzurinku, garin kwaki ne ko ƙuli-ƙuli ko dabino, a rufe shi cikin kwano mai murfi.

Bindiga da barci cikin tafiya

Kada bindiga ta kwana da harsashi ko ɗuri a cikin bodi. Mutum ya juya cikin barci, ko kare ya yi tsalle, sai a ji ƙara. A sauke ɗurin, a jera makamai wuri guda, bakinsu na kallon waje, adda da barandami cikin kube. Wannan aikin Sarkin Dawa ne ko shugaban tafiya, ya duba da idonsa.

In za a koma gida kuwa, kowa a gajiye ya ke. Mai gyangyaɗi a bakin bodi ko a bisa tulin kaya, rami ɗaya ya ishe shi ya faɗo. Kowa ya zauna a ƙasan bodi, a kulle ƙofar baya. Direban da ya kwana farauta kada ya kama sitiyari sai ya yi barci. In haɗari ya auku a hanya, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

Ruwan sha

Ku ɗebi ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse daga gida, cikin jarkar da ba a taɓa zuba mai ko magani a ciki ba. In ya ƙare, a tafasa na daji kafin a sha. Wanka a kududdufi shi ke kawo tsargiya, watau fitsarin jini. Wanda gudawa ta kama, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, watau ledar ruwa biyu, da sukari cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi. Ya yi ta kurɓa har a isa asibiti.

Bayan an dawo

Har mako uku bayan kwanan daji, ku lura da jikinku. Ku zo ɗakin shan magani ba da jinkiri ba in kun ga ɗayan waɗannan:

1. Zazzaɓi ko wane iri, balle wanda bai sauka ba bayan an sha maganin zazzaɓin sauro.
2. Ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya.
3. Jini ta hanci ko dasashi ko fitsari.
4. Tari da saurin numfashi da ciwon haƙarƙari.
5. Mikin da ya kumbura ko ya yi ruwa.
6. Mantuwa ko rikicewa ga wanda hayaƙi ya taɓa bugewa.

Ku gaya wa malamin asibiti inda kuka je, da abin da kuka taɓa, da abin da kuka ci. Kada ku ɓoye, gama da wannan labarin ne zai gane cutar da wuri. Ke uwargida, in maigida ya dawo ya kwanta da zazzaɓi yana cewa gajiya ce, ke ce za ki matsa masa ya zo. Ki ware masa kwanon sha, ki wanke hannu da sabulu duk sa'ad da kika taɓa shi ko kayansa.

To, jama'a, kun ji. A share mota, a sauke fetur, a kashe inji, a bar wuta a waje, a buɗe tamfol gefe biyu, a shimfiɗa abu a kan ƙarfe, a ɗaura gidan sauro, a haska ƙasa kafin a sauko. Duk cikin waɗannan babu wanda ya kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti. Hausawa sun ce kowa ya kwana lafiya shi ya so. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a kuma kai takardar nan wurin Sarkin Dawa da shugabannin tasha kafin fitar bana.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai wani mako. Ku huta lafiya.